Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe

Hutun da ya wuce ban tafi gida ba, Ikko na nufa, domin an aiko mini cewa Baffana, wan mahaifina, ba ya jin daɗin jikinsa. A Agege ya ke zaune, ko da ya ke a Kano aka yanke masa cibiya. Ɗalibanmu da ba su taɓa gangarawa Kudu ba sai su sani Agege tsohon zangon Hausawa ne. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912 fatake su ke sauka nan, su sayi goro, su ɗaure huhu, su ɗora wa jirgi, waɗansu kuma su gangaro da shanu. Har yau ana kiran unguwar Zango, babbar mayankar Ikko kuwa tana nan kusa, a Oko-Oba. Baffa goro ya ke sayarwa, sana'ar da ya gada wajen kakanmu.

Ga yadda ciwon nasa ya ke. In ya yi sauri, ko ya hau matakala, ko ya ci tuwo ya ƙoshi ya tashi tafiya, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. Nauyin ya bi kafaɗar hagu ya sauka hannu, wani sa'i har muƙamuƙi. In ya tsaya ya huta sai abin ya lafa. Likita ya auna shi a wani asibiti a Ikeja, ya ce jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya da jini ne suka ƙuntata, cutar da likitoci ke kira anjaina. Ya rubuta masa magani iri biyu. Ɗaya na haɗiya ne, kullum sau biyu. Ɗayan kuwa waɗansu 'yan ƙwayoyi ne farare, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba, an rubuta GTN a jikin kwalbarsu. Aka ce in ciwon ya taso ya zauna ya sa guda ƙarƙashin harshe, kada ya haɗiye.

Da na isa muka gaisa, na yi masa ya jiki, sai ya ce, "Malam ƙarami, ku da kuka yi boko, zo ka duba mini. Da fari maganin nan kamar yankan wuƙa. In na sa shi, kafin in ƙirga ɗari biyu ƙirji ya sake ni, sai dai kaina ya yi ta sarawa. Yanzu kuwa ko na sa biyu kamar na tsotsi alli. Jabu aka sayar mini, ba wani abu ba."

Na ce, "Baffa, ina kwalbar?"

Sai ya sa hannu aljihun gaba ya zaro wata 'yar battar roba, ya buɗe. Ga ƙwayoyin nan kwance cikin auduga, an yi musu shimfiɗa kamar ƙwai. Kwalbar fa? Ya ce murfinta yana ba shi wuyar buɗewa in ciwo ya taso, yau wata biyar ke nan da ya jefar da ita.

Na ce, "Baffa, in mutum ya kwance huhu, ya zubar da ganyen fita, ya baza goro a rana, sa'an nan bayan wata biyar ya zo yana cewa manomi ya cuce shi, me za ku ce masa?"

Ya dube ni, ya dubi batta, ya ce, "Sai in ce masa ya nemi wata sana'a."

To, abin da ya sa na kawo wannan labari cikin mujallarmu, yawancinku kuna da tsofaffi a gida, hawan jini da ciwon zuciya kuwa ba baƙi ba ne yanzu. Kuma kun san halin mutanenmu, da an ce wane malamin makaranta ne, to, shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne kuma mai karanta takardar asibiti. Wanda ya gane yadda irin wannan magani ya ke aiki ba sai ya haddace dokokinsa ba, da kansa zai ga dalilin kowace.

Abin da za a fara riƙewa shi ne ƙwayar nan ba ita ce maganin ba, 'yar dako ce kawai. Ainihin maganin wata iska ce, sunanta naitirik oksayid, amma mu kira ta iskar naitirik don sauƙi. Waɗanda suka zauna ajina sun san iskar da mu ke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin. In ƙwayar zarra ɗaya ta naitirojin ta kama hannun ƙwayar zarra ɗaya ta oksijin, an sami iskar naitirik ke nan, shi ya sa a ke rubuta ta da baƙaƙe biyu, N da O. Walƙiya takan haɗa su a sama, injin mota ma yakan haɗa su ya fitar ta salansa. Wani Bature mutumin Ingila, Joseph Priestley, ya yi bincike kanta tun 1772, kuma har shekara ɗari biyu bayansa ba abin da a ke ɗaukarta sai dattin hayaƙi.

Ashe jikinmu da kansa yana yin ta. A 1980 wani masani a birnin New York, sunansa Robert Furchgott, ya ba da labarin gwajin da ya yi da babbar jijiyar jinin zomo. Ya lura in aka goge siririn shimfiɗin da ke cikin jijiyar, ko da bisa kuskure ne, sai ta ƙi sakewa in an ɗiga mata abin da ya kamata ya sa ta saki. Ya ce lalle shimfiɗin nan yana aika wa tsokar jijiya wani saƙo. Sai a 1986 shi da Louis Ignarro, kowa ta hanyarsa, suka ce saƙon nan iskar naitirik ce, a 1987 kuma Salvador Moncada da abokan aikinsa a Ingila suka auna ta tana fitowa. Tun 1977 kuwa wani likita a Amurka, Ferid Murad, ya riga ya nuna magunguna irin na Baffa da wannan iska su ke aiki. Da aka haɗa maganar biyu sai aka gane maganin ranta wa jijiya ya ke yi abin da ita kanta ta saba yi.

Jijiyar jini ba bututun ƙarfe ba ce irin na famfo. Tana da tsoka kewaye da ita kamar zariyar wando, in ta tsuke hanya ta ƙuntata, in ta saki hanya ta buɗe. Iskar naitirik ƙanƙanuwa ce ainun, tana ratsa bangon ƙwayoyin jiki ba ta neman ƙofa. In ta shiga tsokar sai ta manne wa ƙarfen da ke jikin wani inzayim. Inzayim dai su ne ma'aikatan jiki, kowa da aikinsa, wannan ya yanka, wancan ya ɗinka. Da ta taɓa wannan ma'aikaci sai ya shiga ƙera wani ɗan aike da a ke rubutawa cGMP, shi ne ke ce wa tsoka ta saki. Ku riƙe sunan ɗan aiken nan, za mu komo kansa, domin a wajensa hatsarin ya ke.

Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da kwana, tana tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya in mutum yana hutawa. Mutane suna zaton ƙwayar nan toshiyar ta ke fasawa. Tana ɗan buɗe jijiyoyin zuciya, gaskiya ne, amma babban aikinta yana kan jijiyoyin da ke komo da jini zuciya daga sauran jiki. In waɗannan suka saki sai jini ya taru cikinsu, abin da ke komowa zuciya ya ragu. Watau jakin da ya gaji ne aka sauke wa rabin kaya, ba dusa aka ƙara masa ba. Ciwon kan da Baffa ya ke ji jijiyoyin kai ne su ma suka saki. Jirin da kan biyo baya kuwa jini ne ya gangara ƙafafu, shi ya sa a ke cewa a zauna kafin a sa ƙwayar. Ba a sa ta ana tsaye a tashar mota.

To, tun da iskar ce magani, don me ba za a ɗura ta kwalba a ba mara lafiya ya tafi da ita ba? Domin ba ta da tsawon rai. A sarari, da ta gamu da oksijin sai ta rikiɗe ta zama wani hayaƙi jaja-jaja mai ƙona huhu, huhun ƙirji fa, ba na goro ba. Cikin jiki kuwa daƙiƙa kaɗan ta ke yi, jan jini ya cafke ta ya mai da ita wani gishiri, ya fita da fitsari. Akwai manyan asibitocin da ke shaƙa wa jarirai ita daga tukunyar gas, amma a huhu kaɗai ta ke aiki, ba ta kaiwa sauran jiki da ƙarfinta. Saboda haka dabarar ita ce a ƙulle ta jikin wani abu mai jimirin ajiya, ya ɗauke ta ya kai ta inda a ke so, can a kwance ƙullin. Magungunan nan duk ƙulli ne. Abin da ya bambanta su, wa ke kwance ƙullin, kuma da wane irin sauri.

Mu fara da na Baffa. Cikakken sunansa naitirogilisarin. Gilisarin dai kun san shi, wanda mata ke zubawa cikin man shafawa lokacin hunturu. Yana da hannu uku, to, a kowane hannu an ɗaura masa ƙulli ɗaya. Wani mutumin Italiya, Ascanio Sobrero, shi ya fara haɗa shi a birnin Turin a 1847. Ya ɗanɗana ɗan kaɗan a harshe, kansa ya yi kamar zai tsage. Abin mai ne mai nauyi, in aka buge shi sai ya fashe da ƙara. Alfred Nobel, mutumin Suwidin, shi ya gauraya shi da wata ƙasa mai shan ruwa ya sami dainamait a 1867, watau nakiyar da a ke fasa dutse da ita. Da na gaya wa Baffa wata biyar yana yawo da nakiya a aljihu, kuma ba ta buki ba, sai ya tura battar can gefen tabarma. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Kowace ƙwaya rabin miligiram ke cikinta, sai an tara na ƙwaya 8,000 kafin a sami nauyin sukari cokalin shayi ɗaya. Sauran farin da ya ke gani yawanci sukarin madara ne.

A shekarar nan ta 1867 wani likita a Edinburgh, Thomas Lauder Brunton, ya fara shaƙa wa masu ciwon ƙirji wani ɗan'uwan maganin mai suna amil naitirayit. A 1879 kuma William Murrell na Landan ya buga labarin waɗanda ya yi wa magani da naitirogilisarin kansa. Likitoci har wani suna suka laƙaba masa, tirinitirin, don kada masu jinya su firgita. Shi kansa Nobel, da ciwon zuciya ya kama shi gab da rasuwarsa a 1896, abin da likitocinsa suka rubuta masa ke nan. Daga dukiyar da ya bari kuwa a ke ba da kyautar nan mai sunansa, wadda a 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad saboda iskar naitirik. Moncada ba a sa shi ciki ba, masana da yawa suka ce ba a kyauta ba, ni ma haka na gani. Ku duba fa, daga 1879 zuwa 1977 kusan shekara ɗari likitoci suna ba da maganin, yana aiki, ba wanda ya san ta yaya.

Yanzu ga yadda a ke kwance ƙullin. Ku ƙirga da ni. Ƙullin da ke hannun gilisarin sunansa naitiret, naitirojin ɗaya da oksijin 3. In aka cire oksijin ɗaya ya zama naitirayit, mai oksijin 2. In aka sake cire ɗaya, saura 1, iskarmu ke nan. Uku, biyu, ɗaya. Amma in ka jefa ƙwayar cikin ruwa ba iskar da za ta fito, sai an sami mai yanka. A 2002 Jonathan Stamler da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna babban mai yankan, wani inzayim ne da a ke rubutawa ALDH2. Yana zaune cikin maitokondiriya, watau murhun da kowace ƙwayar jiki ke ƙona abinci a ciki. Aikin da aka fi saninsa da shi share dafin da barasa ke bari a jiki. In naitirogilisarin ya zo masa sai ya yanke hannu ɗaya, gilisarin mai hannu biyu ya wuce, wanda aka yanke kuwa shi ke zama iskar, a nan cikin tsokar jijiya inda a ke bukatarta. Wajen sulusin mutanen Sin da Japan da Koriya an haife su da raunannen irin wannan inzayim, maganin bai cika kama su kamar sauran mutane ba.

Ko cikin bakinku ana wannan lissafi. Alayyafo da latas suna da naitiret da yawa. Ƙwayoyin halittar da ke zaune bayan harshe su ke mai da uku biyu, tsamin ciki kuma ya mai da biyu ɗaya. Wannan ba zai tsai da ciwon ƙirji ba, amma dalili ne na kada a ture ganye gefen kwano a ɗakin cin abinci.

Me ya sa ƙarƙashin harshe? Saboda hanta. Duk abin da aka haɗiye, daga hanji jini hanta ya ke fara kai shi kafin ya isa sauran jiki, kamar kwastan a kan iyaka. Ita kuwa in ta kama naitirogilisarin kusan dukansa ta ke wargazawa. Ku ɗaga harshe gaban madubi, za ku ga jijiyoyi shuɗi-shuɗi ƙarƙashin wata fata siririya. Ta nan maganin ke shiga jini bai bi ta shingen hanta ba. Cikin minti 1 zuwa 3 ya kama aiki, wajen rabin sa'a kuma ya ƙare.

Sai maganar batta. Man nan mai tashi ne, kamar turare. A hankali ya ke fita daga jikin ƙwayar, zafi yana ƙara masa sauri, auduga da roba kuma suna tsotse shi. Baffa ya haɗa masa duka, ga auduga, ga roba, ga zafin Ikko, ga ɗumin jiki, ga buɗewa kullum a nuna wa abokan hira. Abin da ya rage masa sukari ne. Don haka a ke zuba ƙwayoyin cikin kwalbar gilashi mai duhu, mai murfin da aka yi wa shafi da farar takardar ƙarfe, ba a cusa auduga. Ƙa'idar da likitocin Ingila suka daɗe suna bi, in an buɗe kwalba aka yi mako 8, a zubar da sauran a karɓo sabuwa. Akwai kuma na fesawa, kowane fesi miligiram 0.4, wanda ke rufe ruf cikin gwangwaninsa, shi ya fi jure ajiya. Waɗansu suna cewa in ƙwayar ta yi ɗan yaji a harshe, to, tana da rai. Kada a dogara da wannan.

Da muka duba maganin haɗiyar sai na tarar da wata ɓarnar. Likita ya rubuta a sha ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 2 na rana. Baffa ya ga kamar likitan bai iya raba yini ba, sai ya mai da na biyun bayan lisha don su yi daidai. A nan ma da dalili. Ku je Oko-Oba ku ga mahauci, ba wanda zai yini yana yanka bai tsaya ya wasa wuƙa ba. Inzayim ɗin nan bakinsa na farar wuta ne, kowane yanka yana dakushe shi, jiki yana wasa shi amma sai an ba shi sarari. Ba shi kaɗai ba ma, jijiyoyin da kansu sukan saba, jiki kuma ya riƙe ruwa yana ƙoƙarin mai da ƙarfin jini inda ya ke da. In maganin bai bar jini ba dare da rana, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ƙarfinsa ya ragu. Ma'aikatan masana'antun nakiya na Turai da Amurka sun san wannan tun kafin likitoci su bayyana shi. Ran Litinin kowa kansa na ciwo, tsakiyar mako ya daina, su huta Asabar da Lahadi, Litinin ciwon ya komo. Shi ya sa a ke barin sa'a 8 zuwa 12 kowace rana jini ba magani sosai, yawanci da dare. Mai manna filastar maganin a ƙirji ma cire ta ya ke yi in zai kwanta.

Shi na haɗiyar sunansa aisosobayid, iri biyu ne. Akwai mai ƙulli biyu, wanda hanta ke yanke wa ɗaya ta bar ɗaya. Akwai mai ƙulli ɗaya tun asali, irin na Baffa, wanda ke wuce shingen hanta lafiya, sai ya yi sa'a 4 ko 5 kafin rabinsa ya bar jini. Ƙullinsa a hankali ya ke kwancewa, don haka rigakafi ne, ba a nemansa sa'ad da ciwo ya riga ya taso. Mai ƙulli biyun yana da wani amfani da ya shafe mu. A 2004 aka buga sakamakon gwajin da aka yi da baƙar fata 1,050 na Amurka masu raunin zuciya. Waɗanda aka ƙara wa shi tare da wani magani mai suna haidiralazin, mutuwa ta ragu cikinsu da kashi 43 cikin ɗari.

Akwai wani kuma da ba za ku gan shi a kemis ba sai a ɗakin masu ciwo mai tsanani, sunansa naitirofurusayid. Jan gishiri ne, Lyon Playfair ya bayyana shi a 1849. Ƙirarsa abin mamaki ce, ƙarfe ɗaya a tsakiya, iskar naitirik ɗaya, sa'an nan sayanayid 5 kewaye da shi. Sayanayid kuwa shi ne dafin da ke cikin rogo mai ɗaci, wanda a ke jiƙawa, a matse, a soya don a kore shi kafin a sami gari. Wannan ƙulli sako-sako ne, da ya shiga jini sai ya wargaje. Ta ƙarin ruwa a ke ba da shi in hawan jini ya kai inda za a rasa rai, cikin daƙiƙoƙi ya sauko da shi, in an rufe kuma cikin 'yan mintoci aikinsa ya ƙare. Ko haske yana kwance shi, shi ya sa a ke naɗe ledar ruwan da abin da haske ba ya ratsawa. Dafin fa? Hanta tana haɗa shi da farar wuta ta rage masa mugunta, ƙoda ta fitar. Amma in aka ba da da yawa, ko aka daɗe, sai ya fi ƙarfin hanta. Masana ma sun ƙera waɗansu ƙulle-ƙullen don gwaji, masu kwance kansu cikin ruwa ba da taimakon kowa ba, wani rabinsa ya ƙare cikin daƙiƙa 2, wani sai sa'a 20.

Yanzu mu komo kan ɗan aiken nan, cGMP. Da daren da na sauka muna zaune ƙofar shago kusa da mai shayi, sai ga mai tallan magani da faranti a ka, ƙwayoyi kala-kala da 'yan kwalabe. Wani abokin Baffa, abokin wasansa ne, ya ce, "Alhaji, kai da ka yi amarya bara, ga naka nan ya zo." Aka yi dariya. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin na ga abin da ke kan farantin.

Jiki ba ya barin ɗan aiken nan ya yi ta yawo. Akwai wani inzayim, PDE5, aikinsa share shi da ya isar da saƙo, don tsoka ta koma ta tsuke. Maganin ƙarfin mazan nan, sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, da ɗan'uwansa tadalafil, aikinsu ɗaure hannun mai sharar. Abin dariya ma, kamfanin Pfizer don ciwon ƙirji ya fara gwada sildenafil a Ingila, kafin a ga inda ya fi amfani, aka ba da iznin sayar da shi a Amurka a 1998. To, ku auna. Ƙwayar Baffa tana ƙara yawan 'yan aike, wancan kuma ya hana a share su. An buɗe famfo ke nan an toshe kwata. Jijiyoyin jiki duk su saki gaba ɗaya, ƙarfin jini ya faɗi ƙasa, zuciyar da da ma jini bai ishe ta ba ta rasa ɗan abin da ta ke samu. Mutum ya suma, wani ba ya farkawa. Ƙa'ida ita ce wanda ya sha sildenafil ba a ba shi naitirogilisarin sai bayan sa'a 24, in tadalafil ne sai bayan sa'a 48. Mai shan aisosobayid kullum kuwa ba shi ba su sam.

Abin da ya fi ba ni tsoro wanda ba a rubuta ba. Akwai masu zuba waɗannan ƙwayoyi cikin zuma ko tsimi su ce na gargajiya ne zalla. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni huɗu saboda irin wannan zuma. A ƙasarmu kuwa tallan magani a titi doka ta hana, hukumar NAFDAC ta sha faɗa, amma farantin yana nan yana yawo. Da ɗa da uba ba a wannan zance kai tsaye, saboda haka abokin nasa na ja gefe na bayyana masa, na ce in yana son abokin wasansa ya kai baɗi ya isar masa. Ya isar kuwa, don da safe Baffa ya ce mini, yana duban wani wuri, "Saƙonka ya zo." Wanda ya sha irin wannan, ciwon ƙirji ya kama shi, kada kunya ta hana shi gaya wa likita, domin abin da likita zai fara miƙawa hannu gare shi naitirogilisarin ne.

Kashegari na raka shi asibiti. Likita ya sake auna shi, ya mai da maganin haɗiya kan lokacinsa, ya canja masa ƙwayoyin da na fesawa tun da murfi ke ba shi wuya. Ya kuma maimaita masa ƙa'ida, ni na rubuta ta da ajami a bayan kwalin don shi ya fi karantawa. In ciwo ya taso a zauna a fesa ƙarƙashin harshe, a jira minti 5. In bai tafi ba a sake. In bayan wani minti 5 yana nan, ko ana gumi, ko numfashi na yankewa, to, ba anjainar da aka saba ba ce, wataƙila jijiyar ta toshe gaba ɗaya, wannan kuwa iskar naitirik ba ta fasa ta. Sai asibiti nan da nan, a Ikko a kira 112 ko 767.

Ran da zan taso ya rako ni har bakin hanya a hankali, bai tsaya hutawa ba ko sau ɗaya, ya ba ni goro fari guda hamsin naɗe cikin ganye in kawo wa malamai. Battar kuwa amarya ta karɓe, allura da maɓalli ke ciki yanzu.